Wuƙar Bahago da Ƙafar Kawu Nomau

Sunana ba zai amfane ku da kome ba, ku bar shi inda yake. Ku dai sani ni mutumin Dakoro ne, tun tana ƴar tunga mai bukkoki kaɗan da rijiya ɗaya a tsakiyar daji, zamanin da ayarin gishiri ke sauka bakinta ya sha ruwa ya wuce kudu. Ku kuma sani ni bahago ne. Ubana ya rasu ina goye, uwata ta bi shi ban yi wayo ba, sai wanta, Kawu Nomau, ya ɗauke ni, shi da matarsa suka riƙe ni. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, ban taɓa tafiya ba bante ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani cikinku ya tausaya mini ya ce maraici ne ya sa ni sata. Ba maraici ba ne, ni ne.

Kawu shi ya gina rijiyar garin, kuma shi kaɗai ke iya shiga cikinta in ta yi yashi ko itacen ɗaurinta ya ruɓe. Mutum ne gajere mai kaurin ƙafa, ba ya son surutu. Za a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya dafa bango da tafin ƙafa ya yi ta sauka har muryarsa ta koma ƙarama. Ni ke riƙe da igiyar tare da wasu samari. Saboda rijiyar nan muke zaune lafiya da Buzaye da Fulani masu kiwo. Su sha, mu sha, su kawo nono da cuku, mu ba su gero. Akwai wani Buzu cikinsu mai suna Agali, mai kiwon raƙuma, da ya san ni tun ina tatata. Sau da yawa ya tatso mini nonon taguwa a ƙwarya yana yi mini dariya in kumfa ta kama mini hanci.

Abin da ya fara ci mini rai wuƙar damtse ce. Kowane namiji cikin makiyayan nan yana da ita, kubenta da zoben fata, a zura a hannun hagu, ƙota ta kwanta kusa da tafin hannu, a zaro da dama. Ran nan a bakin rijiya na ari ta wani saurayi na ɗaura, na je zarowa sai hannuna ya rikice, ta suɓuce ta faɗa cikin taɓo. Ƴan matan da ke jiran guga suka kwashe da dariya. Wata ta ce, “Bahago, bar wa maza kayansu, je ka riƙe igiya.” Har yau in na tuna muryar yarinyar nan sai na ji kunnena ya yi zafi. Tun daga ranar na ƙudura sai an ƙera mini tawa, ta hannuna, wadda ba ta kowa ba.

To, a ƙasarmu akwai al’ada, kuma a kanta duk labarin nan yake. Maƙeri yana sayar wa kowa wuƙar yankan kuɓewa, amma ba ya ƙera wa saurayi wuƙar awo, wadda ake auna hannun mai ita, sai wani babba ya kawo shi, ya ɗora hannu a kan uwar maƙera, ya ce ya ɗauki nauyin duk abin da wuƙar za ta yanka. Ba wasa ba ne. In ta yi ɓarna, mai ita za a nema, in ba a same shi ba, wanda ya ɗora hannu shi ne mai ita.

Na roƙi Kawu, ya ce in bari sai na yi aure. Na yi fushi, na daina cin tuwon gidan, na kwana biyu ina ɗaure fuska. Da hakan bai yi ba, sai na yi abin da ya fi muni. Ranar da zai shiga rijiya na ƙi zuwa riƙon igiya, na zauna gindin aduwa ina kallon su. Da ya fito, jikinsa duk laka, ya zo ya tsaya kaina. Na zaci mari zan sha. Sai ya ce, “Tashi mu tahi wurin Arzika.”

Arzika shi ne maƙerinmu, tsoho mai ido ɗaya. Ya sa na damƙi curin yumɓu da hannun hagu, ya dubi sawun yatsuna, ya auna damtsena na dama da zare. Sannan ya juya ga Kawu.

“Nomau, ka san yaron ga da zuciya.”

“Na sani.”

“Kuma za ka ɗora?”

Kawu ya miƙa hannu ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ce, “Abin da ta yanka, ni na yanka.” Ni kuwa ko kallonsa ban yi ba. Idona na kan ƙarfen da ke ja cikin wuta.

Wuƙa ta yi kyau, ba zan yi muku ƙarya ba. Tsawonta daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, kaifi biyu, da ƴar kwari a tsakiya. Ƙotarta ta itacen aduwa ce, an sassaƙa ta daidai yatsuna, har in mai hannun dama ya riƙe sai ya ji tana cizonsa. Baduku ya yi mata kube ja mai zobe na hannun dama. Da ita nake kwana, da ita nake zagayawa bayan gari. Tafiyata ma ta sake. Nakan naɗe hannun riga ko ana sanyi don a gani. Kawu ya ce ta yankan igiya ce da fiɗa da kare kai in kura ta tare ni. Ni kuwa sai na ga duk abin da ke duniya yana jiran a yanka shi.

Da guna na fara, a gonar mutane, ina wucewa na tsaga ɗaya ba don ƙishirwa ba. Ba wanda ya ce kome. Sai zangarniyar gero, in yanke in gasa a daji. Sai ɗan akuyar da ya ɓace wa garke, na yanka shi bayan tudu muka ci da abokai, muka binne fatar. Mai akuya ya zo yana cigiya, na taya shi nema har da kiran sunan kura. Na koyi wani abu kuma. In gardama ta tashi, ba sai na zare wuƙa duka ba, in ja ta kaɗan ƙarfe ya leƙo, sai ka ga mutum ya yi laushi. Daɗin da na ji a wannan ya fi daɗin naman.

Kawu ya ji, don a ƙaramin gari ba abin da ke ɓoyuwa. Sau ɗaya ya yi mini magana, muna saƙa igiyar guga. Bai ɗaga kai ba ya ce, “Ɗana, hannuna na nan inda na aje shi. Ka tausaya mai.” Na ce masa sharri ake yi mini saboda ana baƙin cikin wuƙata. Ya ce to. Da ya zage ni, wataƙila da na samu abin riƙewa in yi fushi. Wannan “to” ɗin kuwa na tsallake shi na wuce.

Ana haka na haɗu da Tanko, wani mai yawon kasuwanni da ba a san garinsu ba. Ya karɓi wuƙata ya juya ta, ya ce irin wannan bai kamata ta ƙare a guna ba. Sana’arsa mai sauƙi ce. Da tsakar rana, in makiyaya sun shayar sun kwanta inuwa, raƙuma kan bazu suna kiwo da dabaibayi a ƙafa. Ni in lallaɓa in yanke dabaibayin, in ja raƙumi zuwa kwari, shi ya karɓa ya yi kudu da shi. Mun yi a wajen Tagriss, mun yi a wajen Ɗan Gulbi, abin yana tafiya. Na sayi riga mai aiki, na sayi turare, na ce wa Kawu dillanci nake koya. Doka ɗaya na kafa wa kaina, ba zan taɓa dabbar da ke shan rijiyarmu ba. Har ina jin kaina mai amana saboda wannan, ku ji wauta.

Dokar ba ta kai bazara ba. Tanko ya ga wata farar taguwa cikin garken Agali ya nace. Na ƙi, ya yi dariya ya ce ashe har yanzu mai riƙon igiya ne ni. Ban san inda ya ji maganar ba, amma ta same ni inda take so.

Rana tsaka na shiga cikin sabara na durƙusa gaban taguwar. Na yanke dabaibayi ke nan sai na ji an dafa kafaɗata. Agali ne, bai kwanta ba, ya zo duba wani ɗan raƙumi mai ciwo. Bai ɗaga sanda ba, takobinsa ma yana can inuwa. Ya dube ni ya ce, “Kai ne? Ɗan Nomau?” Abin da ya ce ke nan. Da baƙo ne da na gudu kawai. Amma ya san ni, kuma kunya ta rufe mini ido, hannuna ya tafi tun kaina bai ba shi izini ba. Na soke shi a kafaɗa, wuƙa ta shige ta maƙale a ƙashi. Na ja ta ƙi fita. Na bar ta a jikinsa na ranta a na kare.

Tanko da ya gan ni da jini ba taguwa, ya hau raƙuminsa ya tafi, ban sake ganinsa ba. Ni na yi yamma, na ɓuya a wani ƙauye inda ba a san ni ba, ina yi wa mutane noma don tuwo.

Abin da ya faru a gida daga baya na ji. Agali bai mutu ba, amma hannun ya mutu. Danginsa suka zo da yawa a kan raƙuma, suka aje wuƙa gaban Arzika. Ba sai an tambaya ba, duk ƙasar ba wata wuƙar bahago sai ita. Samarinsu suna son su sa wa garin wuta. Kawu ya fito daga bukka da ƴar butarsa ya ce kada a taɓa kowa, shi ya ɗora hannu. Aka tafi da shi garin sarki, can kudu bakin gulbi. Hukuncin da aka yanke shi ne a tsare shi cikin mari, ƙarfe a ƙafa, har ranar da zan kawo kaina.

Na sani. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, kuma ba zan kewaye ta ba. Na sani tun farkon damina. Arzika ya zo kasuwar ƙauyen da nake da kayan hauya, ya hange ni da idonsa ɗaya, ya kira ni bayan rumfa.

“Kawunka na cikin mari,” in ji shi. “Ranar da ka je, ranar za a kwance shi.”

“Zan je, Baba. Bari a yi girbi.”

“Girbin wa? Kana da gona?”

Ya tofar da yawu gefe, ya ce ba zai tona ni ba, don ba shi ya kamata ya kai ni ba. Ya ɗauki hauyoyinsa ya tafi.

Damina ta wuce ban je ba. Kullum in tashi da niyya, in kai bakin gari, sai in tuna ana cewa gidan yari rami ne, in koma. Na riƙa gaya wa kaina Kawu tsoho ne, za a ji kunyarsa a sake shi. Na gaya wa kaina gara shi, an san ba shi ya yi ba, ba za a wahalar da shi ba. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, sanyi ya shigo, ina nan ina cin tuwon mutane.

Kada ku zaci kirki ne ya kai ni daga ƙarshe. Ƙishirwa ce. Labari ya iso ƙauyen, mai gidan da nake ya ce in nemi wani wuri. Na shiga daji. A ƙasarmu ba a hana mutum ruwa, ko maƙiyi ne. Amma duk rijiyar da na je, makiyaya su dubi hannun da na miƙa, su dubi farin sawun zoben kube a damtsena na dama, sai mai guga ya juye ruwansa a kwamin dabbobi ya ba ni baya. Ba zagi, ba duka. Wata tsohuwar Bafillata ce kaɗai ta yi mini magana, ta ce, “Ruwanka na wurin kawunka.” Na sha taɓon tabki har ya bushe. Da na ga mutuwa ce a gabana, sai na kama hanyar kudu.

Da na isa garin sarki na miƙa kaina, Yari, wato mai tsaron kurkukun, ya sa aka buɗe wani ɗaki da aka gina rabinsa cikin ƙasa. Wari ya buge ni tun daga ƙofa. Mutum biyu suka shiga suka ɗauko Kawu, don ba ya iya tsayawa. Mari ya ci ƙafarsa ta dama har ya nutse cikin nama, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, gwiwa ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa saboda daɗewa a dunƙule. Ya rufe ido don hasken rana, ya buɗe a hankali, ya gan ni. Na faɗi ƙasa ina kuka ina kiran sunansa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, “Ka rame.” Aka kira maƙerin gidan ya sare ƙusar marin, aka ɗaura mini shi da danshinsa.

Shekarun da na yi ciki ban ƙirga ba, na dai shiga da baƙin gemu na fito da furfura a haɓa. Ba zan ba ku labarin ƙuma da kwarkwata ba, ko yadda ake jefo mana dusa mu yi ta kokawa a kanta. Wanda ya shiga ya sani, wanda bai shiga ba Allah ya tsare shi. Abin da ya fi cin raina shi ne gurbin da aka ba ni. Na Kawu ne. A bangon akwai wurin da ya goge da bayansa har ya yi santsi, nan nake jingina. Wani malami da aka tsare tare da mu ya koya mini yadda ake tuba, na tuba, ina kuma kan tuba. Ya ce mini Allah yana yafe nasa, amma hakkin mutum sai mutum. Na gane ba Agali kaɗai yake nufi ba.

Agali ne ya fitar da ni. Ya zo da hannunsa a rataye cikin riga, ya ce wa sarki ko na ruɓe a ramin hannunsa ba zai dawo ba, ga shi matar Nomau ta rasu, tsoho ba shi da mai ɗaukarsa. Da aka fito da ni na durƙusa zan gode masa, ya ja baya. “Ba don kai na yi ba,” in ji shi. Ya hau raƙuminsa da taimakon ɗansa ya tafi.

Na iske Dakoro ta zama kufai sai gida uku. Rijiya ta rufta, don ba mai shiga ya gyara ta. Makiyaya sun sauya hanya, mutane sun watse, wasu Sabon Maci, wasu ban san inda suka nufa ba. Kawu yana cikin wata bukka da rabin jinka, maƙwabta na miƙo masa abin da ya samu. Jan gindi yake yi in zai fita. Mutumin da ke sauka rijiya da tafin ƙafa.

Daga ranar na zama ƙafarsa. In goya shi zuwa bayan gida, in goya shi zuwa salla, in kai shi rana da safe, in mai da shi inuwa da hantsi. Ba shi da nauyi, wannan ma wani ciwon ne. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa shirun nan ya hana ni sakat. Wata rana yana bayana na kasa daurewa, na ce, “Kawu, don Allah ka zage ni. Ka tsine mini ma in ka so. Na san kana ciki tun farkon damina, na ƙi zuwa.”

Sannan ya ce, “Arzika ya hwaɗa mini. Kullum aka buɗe ƙofa sai in ce kai ne.” Ya ɗan gyara riƙon wuyana ya ce, “Rana ta yi zahi, kai ni inuwa.” Na kai shi.

Ya yafe mini kafin ya cika, da bakinsa, gaban shaidu. Na so a ce hakan ya sauke mini kayan, bai sauke ba. Da muka yi masa wanka muka yi ƙoƙarin miƙe ƙafar, ta ƙi. Likkafani bai rufe ta daidai ba sai da aka ƙara ƙyalle. Ni na gina kabarin, aka kawo shi aka gwada, gwiwar ta tokare bango. Aka aje shi gefe a rana, mutane na tsaye suna jira, na sake shiga ramin ina faɗaɗa shi. Ba wanda ya karɓe ni, kuma daidai ne.

To, samari, ga ni. Ina ganinku kuna naɗe hannun riga, ina ganin yadda kuke taɓa ƙota in an ɓata muku rai, na san daɗin da kuke ji don na ji shi kafin a haife ku. Ban ce kada ku riƙe wuƙa ba, daji ne, dole a riƙe. Amma kada ku yanki abin da ba naku ba, ko guna ce. Kada ku ja ƙarfe don mutum ya ji tsoronku. In wani ya yaba wuƙarku fiye da yadda ya yaba ku, ku tashi daga wurin. In kuwa Shaiɗan ya riga ya kayar da ku, ku je ku amsa ran nan, kada ku ce sai an yi girbi. Kowane ɗayanku akwai wanda ya tsaya masa, ko ya sani ko bai sani ba. Yana can gida yanzu, yana tafiya da ƙafafunsa biyu. Ku bar masa su.